Daminar da Kurkunu Ya Kwantar da Baba

Yau kwana goma sha tara rabonmu da ruwan sama a Faskari. Masara tun da hantsi take naɗe ganye. Da la'asar hadari kan haɗu ta gabas, ya yi baƙi har mata su fito su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a koma ana duban sama. Ni yanzu ba wani noman kirki nake yi ba. Gonarmu ta gado tana can bayan Daudawa, shekara huɗu ke nan ba mai iya zuwa saboda halin da daji yake ciki. 'Yar gayauna ce kawai a bayan gida, ita nake zagayawa safe da yamma.

Shekaranjiya ina dawowa daga cikinta na iske autana Bishir da abokansa bisa dakalin ƙofar gida. Sakamakon jarrabawarsu ya fito, ba su da wata hira sai ta abin da kowa zai zama. Wannan ya ce kwamfuta, wancan ya ce kwastan, wani ya ce shi ya gama da boko, ramin zinariya za shi. Bishir ya samu gurbin karatun aikin jinya, amma yayan abokinsa mai shagon waya a Abuja ya ce ya zo su riƙa juyawa tare. Da suka watse sai ya biyo ni zaure.

Ya ce, "Baba, don Allah in tambaye ka. Shekara talatin da biyar ka yi kana aikin asibiti. Mi ka samu?"

Ba da rashin kunya ya yi tambayar ba, sani yake son yi. Na ce masa bari in yi alwala, magariba ta gabato. Har yau ban ba shi amsa ba, domin tambayar tasa da wannan farin sun taru sun mayar da ni wata damina da na daɗe ban zauna na tuna ta daga farko har ƙarshe ba.

A wancan lokacin azumi a tsakiyar damina yake faɗowa. Ina da shekara goma sha tara, na gama sakandare ke nan na dawo ƙauye da akwatina na ƙarfe. Mu shida ne a gida: Baba, Inna, ni, da ƙannena mata uku, babbarsu Hajara ba ta wuce shekara goma sha uku ba. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba. Rumbu biyu gare mu, ɗaya ya ƙare tun kafin a yi shuka.

Ruwa ya sauka da wuri, muka shuka gero da dawa, muka bar fili don auduga. Mun gama noman farko ke nan Baba ya fara kukan ƙaiƙayi da zafi a idon sawunsa na dama. Bayan kwana biyu wurin ya yi ƙurji mai ruwa, ya fashe, sai ga ɗan farin abu ya leƙo. Ba a yi mako ba wani ya fito a gefen gwiwar hagu.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba. Tsutsa ce fara, siririya kamar zaren saƙa, tsawonta kan kai kamu biyu, a cikin naman mutum take girma sannan ta nemi hanyar fita. Ba mu san daga ruwan tafkin da muke sha take ba, cewa muke yi ciwon damina ne kawai. Ba shi da magani sai haƙuri. A kama kan a ɗaura jikin tsinke, kullum a naɗe ɗan abin da ya yarda ya fito, a bar sauran sai gobe. In aka yi gaggawa ya tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani ma ya rasa ta. A shekarar nan gidajen da babu mai kurkunu a garinmu kaɗan ne, kuma majiya ƙarfi ya fi kamawa, daidai lokacin da gona ke nemansu.

Wanzamin garinmu, Baba Audu, shi ke zagayawa gida-gida yana duba masu ciwon. Dattijo ne dogo, marar yawan magana, shi ya yi mini kaciya, shi ke yi mana aski tun ina ƙarami. Mutane sun yi masa yawa, don haka ya nuna mini yadda ake yi, ya ce in riƙa yi wa Baba da kaina.

Ranar uku ga azumi aka yi ruwa na ƙarshe. Daga nan sama ta rufe.

Kwanakin suka zama iri ɗaya. Mu yi sahur da ɗumamen tuwo ko kunu, in dawo daga sallar asuba, in jira gari ya yi haske. Sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ɗora ƙafar Baba bisa cinyata, Hajara ta kawo ruwa a ƙwarya. In jiƙa wurin, in yi ta shafawa a hankali daga sama zuwa ƙasa, in jira. Wata rana ya ba da tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko rabin haka bai bayarwa. Da na ji ya yi tauri a hannuna sai in tsaya. Baba kan cusa bakin rawaninsa a baki ya cije, zufa na zuba, bai taɓa yin ƙara ba. In na ɗaure da tsumma sai ya sauke numfashi ya ce, "Sada, hannunka da sauƙi. Allah shi yi maka albarka." Ba a daɗe ba maƙwabta suka fara aikowa in zo in duba nasu.

Daga nan sai gona, ni kaɗai. Lokacin maimai ne, amma ƙasa ta bushe har fartanya na ƙara in ta sauka. Kafin rana ta take harshena ya manne, in na miƙe sai in ga duhu-duhu. Nakan je gindin ɗorawa in kwanta, in jiƙa riga da ɗan ruwan da na zo da shi a gora in rufe fuska, ina jin ƙanshin ruwan ba halin sha. Geron da ya kai gwiwa ya tsaya nan, ya yi toka-toka. Rannan mutanen unguwa suka yi mana gayya, su tara. Ba kiɗa, ba waƙa, ba fura a bakin gona, kowa bakinsa ya bushe, sai ƙarar fartanya da numfashi. Inna ta aika a ce musu su biyo da yamma su sha ruwa a gidanmu. Suka ce a gaya mata sun gode, kowa zai sha a gidansa. Sun san abin da ke akwai. Ranar na ga Inna ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Sau biyu ana fita roƙon ruwa a filin idi, manya da yara, an juya riguna baibai. Liman ya yi addu'a har muryarsa ta shaƙe. Muka dawo rana na dukanmu.

Abinci ya yi ta ja da baya. Tuwo ya koma fate-faten tsaki da rama ta fi tsakin yawa. Daga nan aka koma kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli. Ƙannena kan fita da safe su yi ta yawon tsinkar tafasa da yaɗiya, har sai da ta kai an tsinke na kusa da gari, sai sun yi nisa. In an sha ruwa Inna ta raba mana, ita ta ce ta ci nata wajen kwasa. Na ɗauki keken Baba na tafi Sabuwa wurin kawuna, yayan Inna, don an ce can sun fi mu samun ruwa. Ya shiga da ni ya nuna mini nasa rumbun, shi ma ya kusa ƙarewa. Duk da haka ya ɗaura mini 'yar dawa a bayan keke, wadda ba ta wuce mako guda ba.

Cikin wannan hali takarda ta zo mini ta hannun hedimastan Daudawa. An ɗauke ni makarantar koyon aikin asibiti a birni, karatun shekara uku, in je mako uku bayan salla. Gaskiya ban yi wani murna ba. A makaranta burina in zama injiniya, in riƙa zuwa ƙauye da mota ana leƙowa. Sakamakona bai kai nan ba. Malamin asibiti kuwa na san shi: mai wanke gyambo ne da ba da ƙwayoyi a ɗakin shan magani.

Ina da aboki, Rabe, tare muka yi firamare da sakandare. Shi ba a aiko masa da takardar ko'ina ba. Ƙanen babansa direban gingimari ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Sheme zuwa Kudu, Rabe kuma ya fara bin sa. Ya same ni gindin ɗorawar nan wata rana, ya karanta takardar ya miƙo mini.

Ya ce, "Shekara ukku kana cin wake da ƙwari a makaranta. Ka fito a jefa ka wani ƙauye, a riƙa ba ka a wata abin da direba ke samu a tafiya guda. Mi ke cikin wannan, Sada?"

Na ce, "Aikin gwamnati ne. Akwai fansho."

Ya yi dariya. "Fansho? Wa ya ce maka za mu kai? Dubi geronka. Mu yaro guda muke nema, wanda zai hau sama wurin shanu. Jibi za mu yi lodi."

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Amma maganar ta kai kunnen Inna, don uwar Rabe ƙawarta ce. Washegari da na dawo gona ta kira ni bayan ɗaki, ta jingina tsani jikin rumbu ta ce in hau in leƙa. Na leƙa. Damin dawa biyu ne da rabi, ƙasan rumbun a share.

Ta ce, "Ka gani? Wannan ko salla ba zai kai mu ba, balle kaka. Ka bi Rabe."

Na ce, "To ƙafar Baba fa, Inna?"

"Na idon sawu ai ya fita. Saura na gwiwa, shi ma ya yi rabi. Ga Baba Audu nan, ga mu nan. Yunwa ba ta jira, Sada."

Baba da aka gaya masa ya ce Allah shi kiyaye hanya. Na je na sami Baba Audu na roƙe shi ya riƙa leƙawa kullum. Na nuna wa Inna da Hajara yadda za su jiƙa su ɗaure in bai samu zuwa ba, na yi ta nanata musu kada a ja, ko kwana nawa zai yi kada a ja.

Aikina a motar shi ne in zauna bisa katakon da aka gitta a sama, in sa ido kan shanu. In wata ta faɗi sai in dira cikinsu in murɗa wutsiyarta ta tashi kafin sauran su tattake ta. Na sha kaushin ƙaho, na sha fitsari da kashi. Da muka ƙetare babban kogi sai ga ruwan sama, ba dare ba rana, yana ta zuba bisa dajin da ba mai nomawa. Na riƙa kallonsa ina tuna geronmu. Direba ya ce mu matafiya ne, mu ajiye azumi ma rama. A wata tasha aka zubo mini shinkafa da miya da nama har yanka uku. Na cinye tas, na ƙara. Sai da na ƙoshi na tuna abin da ake ci a gida a wannan lokacin.

Amma ba zan ɓoye ba, aikin ya shiga raina. Na ga garuruwa, na ga yadda ake girmama direba a tasha, na ga yadda yake sa hannu aljihu ba ya tunani. Rabe kan zauna kusa da shi yana kallon yadda yake sa giya, ni ma na fara kallo. Mun yi kwanaki muna jiran lodin dawowa, salla ta same mu a hanya, muka yi idi cikin baƙi a wani gari da ban san sunansa ba. Da aka zo sallamata na ce ba kuɗi nake so ba, a ba ni buhun garin kwaki da galan ɗin manja cikin kayan da muka ɗauko. Direba ya ce na yi hankali.

Kwanana goma sha uku. Ranar da muka shigo Funtuwa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har Daudawa muna cikinsa. Na sami mai jaki ya ɗaukar mini buhun, muka rufe shi da leda, na shigo gari ƙasa na ƙanshi, yara na tsalle cikin ruwa, ina jin kaina wani babban mutum.

Tun daga zaure wari ya tare ni.

Baba na kwance a ɗaki, ya rame har na so in kasa gane shi. Ƙafar hagu daga cinya har ƙwauri ta kumbura tana ƙyalli, gwiwar ta yi kamar tulu. Babu tsinke, babu kurkunu. Ga tabon sakiya guda biyu, inda aka huda da ƙarfe mai zafi don ruwan ya fita. Jikinsa zafi rau.

Na ce, "Wa ya ja shi?"

Hajara ta sunkuyar da kai tana kuka. Inna na bakin ƙofa riƙe da ƙwarya. Baba ya buɗe ido ya ce, "Tsinkewa ya yi. Ƙaddara ce. Ka dawo lafiya?"

Ban ko zauna ba na fita cikin ruwan nan sai gidan Baba Audu. Na iske shi a zaure yana wasa aska. Ban yi sallamar kirki ba. Na ce na bar masa amana ya ci, na ce gaggawarsa da jahilcinsa sun kashe ƙafar ubana, na faɗi maganganun da yaro bai kamata ya faɗa wa sa'an kakansa ba, a gaban 'ya'yansa. Ya ajiye askar, ya dube ni har na gama. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sada, Allah shi ba mahaifinka lafiya. Ku kai shi asibiti gobe, abin ya fi ƙarfina."

Da safe mutum huɗu suka ɗauki Baba bisa gadon kara har Daudawa. Malamin asibitin wani dattijo ne, Malam Iro, da tabarau ɗaure da zare da wani tsohon keke jingine a bakin ƙofa. Ya tsaga wurin, ya matse, ya wanke, ni na riƙe masa kwano. Kwana goma muna can yana yi wa Baba allura safe da yamma. Zazzaɓin ya sauka a rana ta huɗu. Ya ce mini ƙafar ta tsira, amma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwashewa ba, da an kawo shi mako guda kafin haka da wata magana ce.

Ya lura da yadda nake ɗaure ciwon, ya tambaye ni inda na koya. Na ba shi labari, har na nuna masa takardata. Ya karanta, ya cire tabarau.

Ya ce, "Ba zan ruɗe ka ba, yaro. Aikin nan bai sa mutum arziki. Ka dube ni, shekara ashirin da shidda, ga abin hawana can. In kuɗi kake so, koma wurin motarku, ba laifi ba ne. Amma hannu irin naka ba kowa Allah ke ba ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Buhun garin nan shi ya riƙe mu. A jiƙa shi da ƙuli da ɗan manja da rana, a tuƙa teba da miyar kuka da dare. Inna ta ɗiba ta aika wa gidajen mutanen da suka yi mana gayya. Ruwa ya dawo sosai, geron da muka fidda rai da shi ya farfaɗo, ko da yake bai yi rabin na kullum ba. Ranar da Hajara ta gasa mana tumun farko, sauran garin da ke buhun bai fi kwano biyu ba.

Saura kwana huɗu ranar da aka ce in je makaranta, Rabe ya zo da saƙo. Ƙanen babansa, direban, ya yaba da ni, ya ce in dawo dindindin, za a koya mana tuƙi ni da Rabe, cikin shekara biyu a yi mana lasin. Bayan la'asar ne, muna tsakar gida. Baba na zaune ya miƙe ƙafar a tabarma, Inna na tankaɗe. Na faɗa musu. A raina na riga na zaɓi mota.

Baba ya daɗe yana duban ƙafarsa. Ya ce, "Ni dai noma ya ƙare mani. Ga 'yan mata ukku. Abin da ka kawo shi muke ci har yau. Ban ce ka bar karatu ba, amma ka duba."

Tun da nake ban taɓa jin Inna ta sa baki Baba na magana ba. Ranar ta ajiye rariya.

Ta ce, "Makaranta za shi."

Baba ya ce, "Wa zai yi huɗa? Wa zai yi girbi?"

"Ni."

"Ke kin taɓa riƙa garma?"

"Zan koya. Malam, ka yi mani haƙuri, ban taɓa roƙonka komi ba. Yaron nan makarantar asibiti za shi."

Ba ta sauke ido ba. Baba ya dube ta, ya dube ta, sannan ya ce, "To. Allah shi sa haka ya fi alheri." Ni haushi ma na ji. Na ga ita ta tura ni mota da bakinta, yanzu kuma da motar ta yi rana ta hana ni.

Na tafi. Abin da shekarun nan uku suka ci a gidanmu ni ban gan shi duka ba, sai dai in na zo hutu in ga alama. Tafin hannun Inna ya yi kanta kamar na namiji. An cire Hajara daga makaranta don ta taya ta, ita da ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Har yau in ta zo gidana ta ga littafi sai ta ɗauka ta jujjuya. Baba ya koyi saƙar tabarma da igiya, yana salla a zaune da ƙafa miƙe, haka ya yi shekara goma sha tara har ya rasu. Bai taɓa tayar da maganar ƙafar ba.

Rabe ya samu lasin kamar yadda aka ce. Kafin in yi shekara biyar da fara aiki ya sayi motarsa ta farko. Yau Alhaji Rabe ne, motocinsa ban san adadinsu ba, 'ya'yansa biyu a ƙasar waje suka yi karatu. Mutumin kirki ne, bai taɓa wuce ni a hanya ba, kowace salla sai ya aiko da shinkafa. Ni kuma na yi aiki a 'Yargoje, na yi a Ketare, na yi a Kankara, na dawo Faskari na yi ritaya. Ina cikin waɗanda suka riƙa bin ƙauyuka bisa babur muna raba ƙyallen tace ruwa, muna roƙon masu ciwon kada su shiga tafki, har Allah ya sa kurkunu ya ɓace daga ƙasar nan. Gidan da nake ciki ɗaki huɗu ne, na ƙarshen da kuɗin sallama na rufa shi.

Duk tsawon shekarun nan ban ƙara zama gaban Baba Audu ya yi mini aski ba. In mun haɗu in gaishe shi sama-sama in wuce. A wurin aiki kuwa ba wanda ya kai ni zafi kan wanzamai; in an kawo mini ciwon da suka taɓa, faɗa nake yi har a ba ni haƙuri. Da Baba Audu ya rasu ina Ketare, aka aiko mini, na ce aiki ya riƙe ni.

Inna ta yi tsawon rai. Ciwonta na ƙarshe a gidana ta yi shi, ni ke jinyarta. Wata rana bayan azahar na zo sa mata ƙarin ruwa, ina neman jijiya a bayan hannunta, sai ta riƙe mini wuyan hannu.

Ta ce, "Sada, zamna. Akwai abin da ban son in tafi da shi."

Na zauna a bakin gado.

"Kurkunun babanka. Ni na ja shi."

Na ce, "Inna, bar wannan maganar, ta wuce."

"Ba ta wuce ba. Kwana biyar da tafiyarka, Baba Audu ya tafi jana'izar ƙanwarsa, ya kwana biyu. Babanka bai barci, sai nishi. Na ga abin ya fito da yawa, na ce saura kaɗan, bari in raba shi da wahala. Na ji sadda ya tsinke a hannuna." Ta ci gaba da cewa, "Da Baba Audu ya dawo ya gani, ya ce maza a kai shi asibiti. Ni na ce a jira ka, don ba mu da ko na allura, kuma ina jin kunyar a tambaye ni. Babanka ya ce kada wanda ya gaya maka. Ranar da ka je ka zagi Baba Audu, matarsa ta zo ta faɗa mani. Na yi shiru. Shi ma ya yi shiru, har ya koma ga Allah."

Hawaye na bin gefen idonta zuwa kunne. Ta ce, "Shi ya sa na ce sai ka yi karatun nan. Na ce gidana ba za a ƙara rasa wanda ya sani ba."

Na ce mata Allah ya yafe mana baki ɗaya, buhun da ta sa na je na kawo shi ya raya mu. Na gama sa mata ruwan. Bayan kwana shida ta rasu.

Da aka yi sadakar bakwai na hau babur na tafi ƙauyenmu, lokacin hanya lafiya lau. Shekarar Baba Audu goma sha ɗaya da rasuwa. Babban ɗansa, Mamman, shi ya gaji zabira, yana zaune a zauren nan dai, ya yi furfura. Yana cikin waɗanda ke tsaye ranar da na zo na yi wa ubansu rashin mutunci. Ya amsa sallamata, ya yi mini gaisuwar Inna, sannan ya jira ya ji abin da ya kawo ni.

Na cire hula na zauna a tabarma gabansa. Na ce aski na zo, kuma ina da magana game da mahaifinsa.

Ya dube ni ɗan lokaci. Sai ya jawo ƙwaryar ruwa, ya jiƙa mini kai, ya dafa goshina da hannun hagu.

Ya ce, "Bari in gama askin tukuna, Malam Sada. Kada ka motsa."